Rukayyat da Injin Mai Ɗaki Tara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ana shirin sallar La'asar, Allah ya karɓi ran Injiniya Rukayyat, mai shagon kwamfuta na bayan tashar Jabi, matar Malam Abdulmumin, bayan ta yi jinyar kwana goma sha ɗaya da ciwon ƙoda. Shekarunta talatin da takwas. Ta bar miji da 'ya'ya biyu.

Ni Manniru Mai Ɗori na Kurudu nake wannan magana. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Ina faɗa ne, 'yata Luba tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta mini kalma ɗaya don ta faranta wa wani rai.

Mutane sun yi ta tambayar me ya hana tsoho yin ta'aziyya, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, shiru. Masu cewa girman kai ne su ci gaba da cewa, ai sun saba. Abin da ya riƙe ni, Rukayyat, ke kin san shi. Kin bar mini amana da bakinki cewa kada in bari a kashe injin, ni kuwa na ce ba zan yi magana a kanki ba sai na ga inda amanar nan ta tsaya.

Wanda bai san ni ba, shekara ashirin da shida na yi ina ɗori a wata rumfa kusa da tashar Jabi. Direba, kwandasta, ɗan dako, duk wanda ƙashinsa ya karye ko ya goce a wannan yanki, wurina ake kawo shi. Wata safiya na tarar an shafa wa rumfar jan fenti, kafin mako ya zagayo katafila ta bi ta kanta har da tukunyar man kaɗanyata. Na koma Kurudu, mutane suka rasa inda nake. Har labarin mutuwata aka yi ta bazawa a tasha, kuma na san bakin da ya fara bazawa. A cikin wannan hali ne Zakariyya, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana koyon ɗori a hannuna, ya buɗe wurinsa a Karshi, ƙungiyar masu ɗori ta naɗa shi Sarkin Ɗori ina raye ina numfashi, shi kuma ya miƙa kai aka naɗa. Tun daga ranar ban sake yi masa magana ba. Shekara tara ke nan.

Ke kuwa, 'yata, haɗuwarmu ta hanyar ƙashi ce. Mijinki ya faɗo daga okada, kafaɗarsa ta karye, wani tsohon direba ya ce muku ku nemi Manniru in yana raye. Kwana huɗu kika yi kina bin mutane da tambaya kafin ki iso ƙofata, rigarki duk jar ƙasar Kurudu. Bayan na kwance masa karan ɗori ya ɗaga hannu sama, sai kika ce bai kamata a yi kwana huɗu ana neman mutum irina ba, za ki yi mini adireshin da katafila ba ta iya hawa. Na ɗauka zolayar 'yan boko ce. Na ce miki in fili kike da shi a Maitama ki ba ni.

Kin dage sai da kika kai ni shagonki. Ina tsammanin zan ga wata babbar na'ura mai cika ɗaki, sai kika nuna mini wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, bai fi jarkar mai girma ba, an ɗora shi a kan bulo biyu saboda ruwan da ke shigowa da damina, yana ƙifta wata 'yar koriyar fitila. Kika ce sunansa saba. Ni dai inji na kira shi, har yau kuma inji nake kiransa. Na ce miki wannan ne gidan da za ki ba ni? Kika miƙo mini waya. Sai ga ni a ciki, da hulata, da lambar wayata, da kwatancen gidana tun daga bakin titi har bishiyar mangwaro. Wallahi sai da na zauna a kan benci. Kika ce wanda yake Lakwaja ko Makka, in ya buga sunan shafin, abin da zai gani ke nan. Na kira ƙanina a Funtuwa na ce ya sa a duba masa. Ya ce ga ni nan, amma hular ta karkace. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da kika ce ba ni kaɗai ba ne a cikin akwatin, mu tara ne. Akwai Elizabeth tela, akwai Friday makanike, akwai wata Islamiyya ta Kurudu, akwai mawaƙan wani coci, kowa da shafinsa, kowa da sunansa. Na ce ta yaya ba ma cakuɗewa? Kika tambaye ni ko na san gidan haya mai zaure ɗaya. Kika ce injin lamba ɗaya gare shi, ƙofa ɗaya, duk sunayen nan tara ita suke nunawa. Amma akwai mai gadi a zauren, kowane baƙo ya shigo sai ya faɗi sunan da ya zo nema, mai gadin ya duba, ya raka shi ɗakin mai sunan. Kowane ɗaki kin rubuta masa 'yar takardar umarni: ga sunan da yake amsawa, ga inda kayansa suke, ga rijistar da ake rubuta baƙinsa. Makullin wani ba ya buɗe ɗakin wani. Na gani da idona lokacin da ɓarayin intanet suka shiga shafin Friday suka cika shi da tallan caca. Ɗakinsa kaɗai suka ɓata, kika share shi tas kafin Azahar, sauranmu ko ƙura ba ta taɓa mu ba.

Akwai halinki ɗaya da ya sa na yarda ke mai sana'a ce ta gaske. Duk sanda kika sauya wani abu a takardun nan, ba kya barin injin ya karanta sai kin gwada tukuna, ya ce miki babu kuskure. Kin ce layi ɗaya in ya karkace, ɗakuna tara duk sai su rufe. Na ce miki haka muke yi, ba a jan ƙashi sai an lallaɓa da yatsa an ji inda ya nufa. Likitocin da ke kirana ɗan gargajiya ba su taɓa zama sun saurare ni ba. Ke kin ajiye aikinki kin yi ta yi mini tambaya a kan targaɗe da gocewa har rana ta yi sanyi.

Daɗin nan bai daɗe ba na gano cewa ɗaya daga cikin taran Zakariyya ne. Ranar har masu sayar da lemo a bakin tasha sun ji muryata. Na ce ko ki fitar da shi ko ki fitar da ni, ba zan kwana rufi ɗaya da mai cin amana ba. Kika bar ni na gama, kika zuba mini ruwa a kofi, kika ce akwai bango a tsakaninmu, ko tarinsa ba zan ji ba. Da na ga ba za ki kore shi ba, sai na kafa sharaɗi: a sa ɗakina farko, gaba da kowa, domin ni ne babba.

"Baba, ɗakin farko ba na girma ba ne," kika ce. "Na ɓatattu ne. Duk wanda ya zo da sunan da mai gadi bai sani ba, can ake kai shi."

Na ce to ai shi ya sa ya dace da ni, a kawo su.

Kin yi dariya har da riƙe ciki, kika sa ni farko. Kafin sati biyu wayata ta fara ƙara. Akwai wata Madam Glory da ta taɓa yin shafin abincin biki a cikin injin, ta rufe ta koma garinsu, amma sunan shafinta bai daina nuna ƙofarmu ba. Duk mai neman shinkafar biki sai ya faɗo ɗakina, wasu ko kallon hoton ba sa yi, lamba kawai suke ɗauka. Ana yi mini Turanci ina mayar da Hausa. Wani ya ce yana son amala ta mutum ɗari biyu ranar Asabar, na ce masa amala babu, amma in an yi turmutsutsu wajen rabo wani ya karye, ga ni. Kin ce za ki toshe sunan, na hana. Ina jin daɗin abin, ni da aka ce na mutu ga shi har waɗanda ba su san ni ba suna kirana.

Yanzu zan faɗi abin da Luba take ta roƙona in tsallake.

Bana da rani Zakariyya ya sayi sabon suna don shafinsa, ya sa aka buga a babban allo a bakin kasuwar Karshi, aka manna a bayan keke napep. An nuna wa sunan ƙofar injinmu. Kin rubuta masa takardar umarninsa, amma a ranar aka kira ki cewa mahaifiyarki ba ta da lafiya a Okene, kika fita a gurguje ba ki miƙa wa mai gadi takardar ba. Shi Zakariyya bai duba ba, tsohon sunan ne a wayarsa. To duk wanda ya karanta allon nan ya buga sabon suna, mai gadi bai san shi ba, sai ya kawo shi ɗakin farko. Su kuwa sun ga tsoho da hula, sun ga an rubuta mai ɗori, sai su kira. Na farko da ya tambaye ni ko Sarkin Ɗori ne, na ce masa mai ɗori ne, ya taho. Daga kira na uku na gane abin da ke faruwa sarai. Sati uku, mutum goma sha bakwai. Na ɗora su duka, kuma duka sun warke, wannan kam ba wanda zai ƙaryata ni. Amma na san ba ni suka fito nema ba, na kama bakina, ina ce wa kaina Allah ne yake rama mini.

Da kika dawo, Zakariyya ya yi miki ƙorafin allonsa bai kawo ko mutum ɗaya ba. Kika buɗe rijistar baƙi, kika ga tawa ta cika da masu neman sunansa. Da kin so da kin gyara a ɓoye, ba wanda zai sani. Sai kika hau okada har Kurudu da kwamfutarki a jaka, kika zauna a bencin majinyata, kika gyara a gabana. Layi ɗaya ne, kika gwada, kika sa injin ya sake karantawa, shi ke nan. Sannan kika ce kuskuren naki ne, kuma daga nan Karshi za ki wuce ki faɗa masa da bakinki. Shirun da na yi kuwa nawa ne, ba za ki ɗauka mini ba, ba kuma za ki kai masa ba.

Maganar ta soke ni, domin gaskiya ce, kuma sa'ar 'yar cikina ce ta faɗa mini. Na ce kin zama 'yar koren Zakariyya, ki cire ni daga injinki. Kika ce sai na huce. Wata biyar ban ɗaga wayarki ba. A cikin wata biyar ɗin nan shafina bai taɓa rufewa ba, ɗan kwaɗon da ke samansa mai nuna aminci kina sabunta shi, da na sauya lambar waya kika ji a bakin Luba kika gyara ba tare da an roƙe ki ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarki wata baƙuwar lamba ta kira ni. Na ɗauka masu shinkafa ne. Muryarki ce, ta yi ƙasa ƙwarai. Kika ce daga gadon asibiti kike, kin ba abokiyar aikinki Lydia duk makullan, ta san aikin kamar ke, amma injin yana bukatar mai tsaya masa, kuma a cikin mu tara ba ki ga wanda ya kai ni taurin kai ba.

"Baba, har yanzu kana fushi?"

Na ce ina yi.

"To ka ci gaba da abinka. Amma kada ka bari a kashe injin."

Na zo asibitin washegari, na tarar ba kya gane mutane. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan sadakar bakwai Malam Abdulmumin ya tara mu, ya ce zai koma Okene da yara, zai mayar wa mai shago makullinsa ƙarshen wata. Ba wanda ya ga laifinsa. Lydia ta ce za ta ci gaba da kula da injin daga inda take, amma sai an samo masa wurin da wuta ba ta yankewa, intanet kuma mai ƙarfi, in ba haka ba ranar talatin da ɗaya ga wata shafuka tara za su mutu tare. Ta zaga wurarenmu ɗaya bayan ɗaya. Ni gidana wuta sai ta ga dama. Elizabeth janareta gare ta, sai za ta yi guga take tayarwa. A cikinmu duka mutum ɗaya ne ke da sola da batura da intanet mai kyau, kun san ko wane ne. Da Lydia ta je masa ya ce ya yarda, amma Baba Manniru ya zo da ƙafarsa ya faɗa.

Kwana huɗu ina zagin bango. Na ce gara a kashe, na ce dama can ina ɗori kafin a haifi intanet. Amma duk sanda na faɗi haka sai in ji kina cewa ba ki ga wanda ya kai ni taurin kai ba, kuma na san ba don in yi taurin kai a kan wannan kika zaɓe ni ba. Ranar Litinin na sa babbar riga na shiga motar Karshi.

Na same shi yana ɗaure ƙafar wani manomi. Yana ganina ya saki tsumman, ya durƙusa har ƙasa, da rawaninsa da komai, ya ce sannu da zuwa Baba. Na ce ya tashi ya ƙarasa, ɗaurin ya yi sako-sako ta wajen idon sawu. Ya duba, ya ƙara matsewa. Da ya sallami mutumin, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sannan, tun kafin zuciyata ta hana ni, na faɗa masa zancen mutum goma sha bakwai. Ya ce ya sani, ba daga bakinki ba, ke kuskurenki kaɗai kika faɗa masa. Uku daga cikinsu ne suka zo masa daga baya da wata lalurar, suna mamakin yadda Sarkin Ɗori ya koma matashi.

"Na lallaɓa inda ka ɗora, Baba," in ji shi. "Ban sami abin gyarawa ba."

Na ce dama wa ya ce masa zai samu.

Jiya Laraba muka kwashe. Ƙarfe goma na safe Lydia ta kashe injin da hannunta, fitilar nan ta mutu. Friday ya kawo motarsa. Suka ce a sa injin a but ɗin motar, na ce sai dai a sa su. Na naɗe shi da bargo, na ɗaure da tsumman ɗori, na rungume shi a cinyata tun daga Jabi har Karshi, duk ramin da muka faɗa sai na yi wa Friday faɗa. Zakariyya ya riga ya share masa ɗaki, ya sa kafinta ya yi masa teburi, ba bulo ba. Lydia ta jona wayoyi, ta kunna, ta sanar da sabuwar lambar gidan ga sunayen nan tara, ta ce sai mun yi haƙuri, labarin ba ya isa ko'ina lokaci ɗaya.

Muka zauna a inuwa, kowa da waya a hannu, malamin Islamiyya kusa da shugaban mawaƙan coci. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi Elizabeth ta daka tsalle, ta ce ga rigunanta sun fito. Sai na Friday. Sai Islamiyya, sai coci. Ana kira ana lissafawa da yatsu kamar ranar sakamakon zaɓe. Nawa ne ya zo na takwas, kuma ina zargin da gangan ne, amma ya zo, ga ni da karkatacciyar hulata. Da na tara ya buɗe ban san sanda na miƙe na yi kabbara ba, ni da gwiwata ta shekara uku ba ta miƙe da sauri haka ba. Rukayyat, injinki yana aiki. Tara cif, ba wanda ya ɓace a hanya.

Kafin mu watse Lydia ta tambaye ni ko a bar ni a ɗakin farko kamar da. Kowa ya zuba mini ido, har da mai rawani. Na ce a'a. Ban kuma ce a ba Zakariyya ba, kada wani ya ɗauka na manta da zancen naɗin nan, ban manta ba, kuma ƙungiya za ta ji daga gare ni. Na ce a buɗe ɗaki na goma a sa shi gaba da kowa, a rubuta sunanki, da ranar rasuwarki, da wannan magana tawa, a ƙasa kuma a jera sunayenmu tara yadda kowane baƙo zai ga hanyar inda ya nufa. In kai mai karanta wannan shinkafar biki ka fito nema, ko wani suna ka buga aka kawo ka nan, to ba ka ɓata ba. Ka yi wa matar da ta gina gidan addu'a, sannan ka wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Abdulmumin, da 'ya'yanta Kauthar da Abdulbasit, da mahaifiyarta da 'yan'uwanta na Okene, da Lydia wadda ta rasa abokiyar aiki ta kuma ɗauki nauyinmu. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi namu, ya raya yaran nan a kan halin uwarsu na faɗin gaskiya a gaban mai ita.

Ya Allah, baiwarka Rukayyat ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabari ka cika shi da haske. Ka sanya duk wanda ya sami waraka ko abinci ko karatu ta dalilin aikinta a ma'aunin alherinta, ka saukar da ita a Aljannar Firdausi. Ni kuma da na ɓata mata rai ban samu na roƙe ta ba, ka isar mata cewa na je Karshi. Mu da muka saura, Allah ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Manniru Mai Ɗori, Kurudu, Abuja.